Sabon inji a tsohuwar mota: ƙarfe ya shiga, ƙwaƙwalwa ta ƙi

Duk wanda ya saba ratsa garajojin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san wanga hoto: tsohuwar mota an cire mata inji an jingine gefe, wani injin mai sheƙi na lilo bisa sarƙa ana shirin sauke shi cikinta. A da aikin kwana biyu ne ko uku, mai mota ya biya ya kama hanya. A yau kuwa akwai motocin da ke shafe makwanni a garaji, inji ya zauna daram, kowane noti ya ɗauru, amma in an murɗa makulli sai ta yi ta gurnani ba ta tashi. Dalili shi ne injunan da ake kawo mana yanzu na tafe da kwamfuta, da wayoyi, da makullinsu, kuma wanda ya sayi ƙarfen kaɗai ya sayi rabin kaya ne.

Kwana 47 ƙarƙashin bedi

Yayana na da wata Hiace ƙirar farkon shekarun 1990, wadda ke jigilar fasinja tsakanin Maraɗi da Dakwaro. Ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Da ita ake cefanen gidansa, da ita ake biyan kuɗɗin makarantar yara, direba da yaron mota su ma a jikinta suke ci. Injinta na gazuwal ne, wanda makanikai ke kira 3L, mai lita 2,8. An sake masa zobba har sau biyu, duk da haka ya koma fidda shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai kamar ruwa, da safe kuma sai an tura.

A tasha aka ba shi shawara: maimakon ya yi ta zuba kuɗɗi cikin rijiya, ya sa mata 2KD, injin Hilux da Hiace na baya-bayan nan, wanda ya fi ƙarfi kuma ya fi tattalin mai. Ya saida ƴan tumakinsa, ya ɗauki zubin adashi, ya cika da rance. Wani mai saida kayan mota ya kawo masa injin, tsaf da shi kamar a lashe. Maigidan garajinmu, wanda ya shekara talatin yana kwance injuna, ya gyara mazauninsa, ya haɗa shi da giya, cikin kwana huɗu aikin ƙarfe ya ƙare.

Sai aka zo tayarwa. Nan ne aka gane cewa an yanke wayoyin injin da almakashi tun can inda aka ciro shi, babu akwatin ƙwaƙwalwarsa, babu totur ɗinsa. Da aka koma wajen mai kaya, sai ya ce shi inji aka tambaye shi, inji kuma ya kawo. Aka aika Kano aka sayo ƙwaƙwalwa. Ta zo, aka jona, fitilun tabulo suka kama, mota ta ƙi tashi. Ashe ƙwaƙwalwar ta motar Turai ce, tana jiran makullin da ta sani, makullin kuwa yana can wata duniya.

Kwana 47 motar ta yi ƙarƙashin bedin garajin, tayoyi suka sace, awaki suka maida ƙasanta wurin hutawa. Direba ya koma tuƙa motar wani. Daga ƙarshe wani matashi mai gyaran wutar mota, wanda bai kai shekarun ɗan maigidan garajin ba, ya zo da ƴar kwamfutarsa da zanen wayoyi cikin salula. Ya ce a nemo ƙwaƙwalwar da ta dace da injin, da totur, da ragowar wayoyin. Ya kwana uku yana bin waya ɗaya-ɗaya, a na huɗu mota ta tashi da murɗa guda. Tana aiki har yau, kuma yayana na yaba ta wajen shan mai. To amma in ka tambaye shi, zai ce maka abin da ya kashe ya kusa ninka abin da ya yi lissafi, ban da asarar lodin wata ɗaya da rabi.

Abin da ke sa a sauya

Babu mai sauya inji don marmari. A ƙasarmu mota ba ta mutuwa da wuri. Peugeot 504 da ta fito a 1968, wadda aka ci gaba da haɗawa a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, ta yi jigilar kakanni ta yi ta jikoki. Tun da aka karya darajar CFA a Janairun 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka da ma ma'aikacin gwamnati, aka koma ga ƴan Kwatano. Wani rahoto da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fidda ƙananan motoci na hannu miliyon 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka yo. Ƙasarmu ba ta da damina mai tsawo, ba a zuba gishiri a kwalta kamar Turai, saboda haka jikin mota na daɗewa bai yi tsatsa ba. Inji ne ke fara gajiya, ya bar gangar jiki da sauran ƙarfinta.

Su kuma injunan hannu na zuwa ta hanyoyin da motocin ke biyowa: tashoshin ruwan Kwatano da Lome, kasuwar Ladipo ta Legas, Ƙofar Ruwa ta Kano, da Sharja kusa da Dubai inda ake tara injunan Japan. Rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya karkata kaya zuwa Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗɗin dako ya hau. Hakan ya ƙara tura masu motoci ga riƙon abin da ke hannunsu.

Ga wani abu kuma da masu motoci ba su cika lura da shi ba: tsofaffin injuna irin su 2L da 3L na ƙarewa a can inda ake kwaso su. Motocin da ake yankawa yanzu a Turai da Japan galibi na bayan shekarar 2000 ne, kusan dukkansu masu kwamfuta. Wanda ya nace sai tsohon samfuri yakan samu wanda ya gaji kamar nasa, an wanke shi an fesa masa fenti. Ke nan ko mun so ko mun ƙi, sabon inji ne ke zuwa.

Waya ɗaya da wayoyi hamsin

Domin mai karatu ya gane inda gizo ke saƙa, bari mu kwatanta injunan biyu. Shi 3L, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, bel ke juya shi. Shi ke auna gazuwal, shi ke tura shi ga kowace silinda a lokacinta. Totur na jan wata igiyar ƙarfe, igiyar na jan famfo. Ban da sitata da abin ɗumama inji da safe, waya ɗaya tak yake buƙata, wadda ke buɗe hanyar mai. Shi ya sa makaniken ƙauye ke iya gyara shi da sifana da kunne.

Shi kuwa 2KD, wanda Toyota ta fitar a 2001, mai lita 2,5 ne da turbo, kuma tsarinsa daban ne. Famfo na matse gazuwal cikin wani bututun ƙarfe guda, matsin da ke haura bar 1300, wato sama da sau 400 na iskar tayar ƙaramar mota. Daga bututun ne anjekta, wato nozul, ke fesa mai, kuma wutar lantarki ke buɗe su. Irin wanga tsari ya fara shiga motocin hawa a 1997 da Alfa Romeo 156, Peugeot ta biyo baya a 1998 da injunan HDi.

Mai ba da umarnin buɗe nozul ita ce ƙwaƙwalwa, wadda masu garaji ke kira kalkilata. Ba ta gani, ba ta ji, sai abin da ƴan rahotonta suka faɗa mata. Akwai ma'aunin da ke ƙirga juyin inji, akwai mai nuna silindar da ke kan layi, akwai na zafin ruwa, na matsin iska, na matsin mai cikin bututu. Shi kansa totur ba ya jan komai, saƙo yake aikawa cewa direba ya taka kaza. Ƙwaƙwalwa ta haɗa waɗanga rahotanni, ta yanke yawan man da za a fesa da lokacinsa, sau dubbai cikin minti guda. A injunan Toyota na wancan zamani akwai ma wani akwati na biyu da ke ƙara ƙarfin wutar da ke buɗe nozul, kuma sau da dama shi ake mantawa.

In ɗaya daga cikin muhimman ƴan rahoton ya yi shiru, mota ba za ta tashi ba. In ƙarami ne, ƙwaƙwalwa na rage ƙarfin inji da gangan domin kare shi, direba ya taka totur har ƙasa mota na rarrafe. Hakan ya faru da motar yayana mako biyu bayan fitarta, cike da fasinja a hanyar Dakwaro. Ba wani abu ba ne illa wayar mas, wadda ke haɗa inji da jikin mota, da girgizar hanya ta kwance. Tsohon inji ba zai ma san an yi ba.

Hatta nozul ɗin ba a sauya su kara zube. Kowanne na da lambar da aka rubuta a kansa tun masana'anta, wadda ake shigar wa ƙwaƙwalwa domin ta san halinsa. In an haɗa nozul na wanga inji da ƙwaƙwalwar wancan ba tare da an shigar da lambobin ba, inji na iya tashi, amma da ƙwanƙwasa da hayaƙi.

Makulli mai sirri

Babban tarkon shi ne na'urar hana sata. Tun 1998 ƙasashe irin su Jamus da Ingila suka tilasta sanya ta cikin kowace sabuwar mota. A cikin kan makulli akwai wata ƴar ƙwaya ƙarama, a kewayen ramin makulli kuma akwai zoben waya da ke karanta ta. In lambar ƙwayar ba ta dace da wadda ƙwaƙwalwa ta sani ba, sitata na juyawa amma ba a sakin mai. A motocin Peugeot na bayan 2000 abin ya fi haka sarƙaƙiya, domin akwai wani akwati cikin mota mai suna BSI wanda dole su gaisa da ƙwaƙwalwar inji kafin a tashi. Motocin baya-bayan nan kuwa akwatunansu da yawa na hira da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Ƙwaƙwalwar da aka raba da ƴan'uwanta takan yi ta nemansu, tana kunna fitilar gargaɗi.

Ba kowane inji ke da wanga tarko ba. Da yawa daga cikin motocin da aka ƙera domin kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa sun zo babu shi. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi ita ce: daga wace ƙasa aka ciro injin, kuma daga wace mota?

Masu gogewa a harkar sun daina sayen inji tsirara. Abin da suke nema shi ne rabin mota, wato gaban motar da aka yanke da duk abin da ke ciki. In hakan ya gagara, to a tabbata waɗanga abubuwa sun fito daga mota ɗaya: inji, wayoyinsa cikakku da kawunansu ba a yanke ba, ƙwaƙwalwa da akwatin nozul, totur, makulli da zobensa da akwatinsa, akwatin fis, na'urar sanyaya iskar turbo da tiyoyinta, in da hali har giya da tabulo. A kuma lura da gefen sitiyari. Motocin Japan, Tailan da Ingila na hannun dama ne, tsawon wayoyinsu an auna shi ne da wancan gefe, mu kuma sitiyarinmu na hagu. Ƙara tsawon waya aiki ne na haƙuri, a yi shi da dalma a rufe da kyau. Murɗa waya biyu a naɗe da leda shi ke jawo gobara.

Ƙarfen ma da nasa

Kada a ɗauka wayoyi kaɗai ne matsala. Mazaunin inji sai an sake shi, kwanon baƙin mai na iya dukan ƙarfen ƙasa, bakin giya sau da dama ba ya haɗuwa da sabon inji. A Hiace, inda inji ke ƙarƙashin kujerar gaba, samun wurin da na'urar sanyaya iska za ta sha iska aiki ne. Lagireton da ya tsufa tare da tsohon inji ba ya ɗaukar zafin sabo, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke kai digiri 45.

Sai batun da ya shafi rayuka. Injin 3L na ba da doki wajen 90, 2KD kuma 102, bambancin kamar ba yawa. Amma ƙarfin murɗinsa, wato abin da ke jan kaya a hawa, ya fi na tsohon da kusan kashi 40 cikin 100 a samfurin da ke da na'urar sanyaya iska. Wanga ƙarfi na bi ta kuloci, ta giya, ta furofela, zuwa ƙafar baya, dukkansu masu shekaru talatin. Mota ta samu gudun da ba ta taɓa yi ba, birkinta kuwa na nan yadda yake. A motar gazuwal, taushin birki na zuwa ne daga wani ɗan famfo mai zuƙe iska. A 3L yana bayan dinamo, a sabon inji wurinsa daban ne. In aka yi sakaci da tiyonsa, birki zai yi tauri kamar dutse a lokacin da ake buƙatarsa. Wanda ya samu kuɗɗin inji ya rasa na birki da taya, gara ya jinkirta aikin, domin mutum goma sha tara ne ke zaune a bayan direba da gefensa.

Man kwalba, ƙura da tsofaffin ɗabi'u

Sabon inji na da tsantsani. Ramukan nozul ɗinsa sun kai sirin gashi, kuma gazuwal ɗin da kansa ne ke shafe famfon. Ɗigon ruwa ko ƙurar da tsohon inji zai haɗiye ya wuce, shi tana iya kashe masa famfo da nozul huɗu a lokaci guda, kuɗɗinsu kuwa na iya kusantar na injin. Ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga dubu 20 a yini, ta fara aiki tun Nuwamban 2011, direban da ke bin kasuwannin ƙauye ya san sau nawa yake ƙarewa ga man bido da na kwalba. Wanda ya sa irin wanga inji, dole ya ƙara masa matacin da ke raba ruwa da mai, ya riƙa sauya matatai kan lokaci, ya kuma guji gazuwal ɗin da aka surka da kananzir.

Injunan Turai na bayan 2009 sun zo da wani mataci cikin salansa mai kama toka, na bayan 2015 kuma da yawa na buƙatar wani ruwa na musamman mai suna AdBlue. An ƙera su ne domin gazuwal mai ƙarancin farar wuta, kashi 10 cikin miliyon, wanda Turai ke sha tun 2009. Ƙa'idar da ƙungiyar CEDEAO ta tsaida a 2020, lokacin Nijar na cikinta, kashi 50 ce. Irin waɗanga injuna su ne suka fi ba da wahala a nan, kuma mai neman na aikin yau da kullum ya yi nesa da su.

Akwai kuma ɗabi'un da muka gada daga zamanin karbirato waɗanda yanzu suka zama guba. Cire kan batir mota na aiki domin a gwada dinamo na iya ƙona ƙwaƙwalwa nan take. Haka ma yin walda a jikin mota ba a cire batir da ƙwaƙwalwa ba, ko juya wayoyi wajen ba da wuta daga wata motar. Wanke inji da ruwa mai ƙarfi na cusa danshi cikin kawunan wayoyi. Cire tamosta, wanda kusan kowane garaji ke yi da sunan maganin zafi, na sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka inji bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara mai. Mafi haɗari shi ne sassauta bututun nozul inji na aiki, ana taɓawa da yatsa domin a ga ko mai na zuwa. A wancan matsi gazuwal na huda fata ya shiga nama, abin da ke iya kai mutum ga rasa yatsa. Maigida ya faɗa wa yaransa wanga tun ranar farko.

Ita kuma ƙwaƙwalwar, a sama mata wuri cikin mota, sama da ƙasa, nesa da zafin inji da ruwan damina.

Takardu

Kart giriz na ɗauke da irin man da mota ke sha da yawan dokinta na haraji, kuma a kansu ake lissafin binyat da asiransi. Wanda ya maida motar isansi ta gazuwal, ko ya sa inji mafi girma, motarsa ta daina dacewa da takardarta. Dokar asiransi ta CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta ɗora wa mai mota sanar da kamfaninsa duk canjin da ke ƙara haɗari. Ranar lafiya babu mai tambaya. Ranar da aka yi hatsari, Allah ya kiyaye, a nan ne gwanin da kamfani ya turo zai leƙa inji. Hanya mafi sauƙi ita ce a je ma'aikatar sufuri ta jaha a tambayi yadda ake gyara takarda tun kafin a fara aiki. A kuma riƙe rasiɗin saye mai ɗauke da lambar inji da takardar duwan, domin injin sata ma ta kasuwa yake biyowa, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke amsa tambaya.

Masu komawa baya

Wasu makanikai sun zaɓi gajeriyar hanya: su cire kayan lantarkin, su ɗora wa injin isansi karbirato, ko su sa wa wasu injunan gazuwal, irin su 5L-E da 1KZ-TE, tsohon famfon ƙarfe. Mota na tashi, kowa ya huta. Sai dai injin isansin da aka maida karbirato yakan koma shan mai da raguwar ƙarfi, wato an biya kuɗɗin sabon inji an samu halin tsoho. Injin bututu guda irin 2KD kuwa ba ya karɓar wanga dabara cikin sauƙi, domin tun daga nozul ɗinsa an gina shi ne bisa umarnin ƙwaƙwalwa.

Wannan ba ya nufin sabo ya fi tsoho a ko'ina. Direbobin Agadas da ke ratsa Tenere na da hujja da suke riƙe da Land Cruiser mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4,2, wanda ya fito a 1990 kuma Toyota ta shafe sama da shekaru talatin tana ƙera shi domin ƙasashe irin namu. Inda mutum zai yi kilometa ɗaruruwa babu garaji, injin da ake gyarawa da sifana shi ne abokin tafiya. Da tsohuwar zuma ake magani. Mai bin kwalta tsakanin Maraɗi da Damagaram, yana shan mai a gidan mai, yana da gwani a kusa, lissafinsa daban ne. Kafin mutum ya tambayi wane inji ya fi, ya fara tambayar kansa wace hanya yake bi, ina yake shan mai, wa zai gyara masa in ta tsaya.

Kunne da kwamfuta

A garajin da motar yayana ta kwana 47, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda dattijon da yaron suka ƙarasa aikin. Dattijon bai iya karanta zanen wayoyi ba, bai kuma ɓoye ba. Yaron kuwa da inji ya tashi bai ji komai ba, dattijon ne ya kasa kunne ya ce akwai tiyon turbo da ke huci, aka duba aka same shi.

Tun 1996 a Amurka, 2001 ga motocin isansi da 2004 ga na gazuwal a Turai, kowace mota na zuwa da wani soket mai ramuka 16 ƙarƙashin sitiyari, wanda ta nan ake tambayar ƙwaƙwalwa abin da ke damunta. Mai sauya inji ya tabbata an jona masa wanga soket da fitilar gargaɗi, in ba haka ba ya maida motarsa bebiya. Na'urar karantawa, wadda makanikai ke kira balis, ta yi araha, har akwai ƙananan da ke aiki da salula, ko da yake ba kowace ke jin yaren kowane inji ba. Amma na'ura lamba take bayarwa, fassara ta sai wanda ya koya. Da yawa sun sauya kayan jika ɗaruruwa saboda lambar da waya ɗaya mai tsatsa ta haifar.

Mafi yawan makanikanmu a garaji suka koyi sana'a, hannu da hannu, kuma a can ne yaran gobe ke koyo. Ya kamata asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, da makarantu irin su lise teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi da cibiyar Kalmaharo ta Yamai, tare da ƙungiyoyin makanikai, su riƙa shirya gajeren horo da Hausa da Zabarmanci domin iyayen gidan garaji, da yamma bayan an tashi aiki. Kwana goma na koyon ma'aunin wuta da zanen wayoyi na iya ceton motoci da dama daga kwanan bedi.

Su kuma masu motoci, su yi ciniki bisa mota mai tafiya, a rubuta, a ajiye wani kaso na kuɗɗin sai an yi mako guda ana lodi. Su zo da mai gyaran wuta tun ranar sayen inji, ya ƙirga kaya da idonsa kafin a biya. Yayana ya koyi wanga darasi da tumakinsa. Da maƙwabcinsa na tasha ya zo neman shawara kwanan baya, bai ce masa komai ba game da doki ko turbo. Cewa ya yi: “Malam, in mai kaya bai miƙo maka makulli ba, kar ka miƙa masa kuɗɗi.”